Filin Tarihin Magabata: Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Gwanin Jan Rai A Cikin Labari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan fitowa filinmu na tarihin magabata ya sauka ne a kan marigayi Alhaji Dokta Abubakar Imam, mawallafin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kuma editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da wuya a sami Bahaushen da ya zauna a aji a Arewa wanda bai taɓa riƙe ɗaya daga cikin littattafan nan ba. Wanda ma bai yi boko ba ya ji ana karantawa a dandali ko a zaure. To amma da yawanmu littafin muka sani, ba mu san mai shi ba, kuma mun sha daɗin labaran ba mu taɓa tsayawa mun duba abin da ke hana mutum ajiye su in ya fara ba. Saboda haka za mu kawo tarihinsa a taƙaice, sa'an nan mu kwance kayan kaɗan mu ga yadda aka yi ɗaurin, domin akwai abin da mu mazauna Kurmi za mu ƙaru da shi a ciki, musamman wajen riƙon 'ya'yanmu.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara a shekarar 1911. Kagara kuwa yau tana cikin Jihar Neja, ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne, don haka allo da tawada ya fara buɗe ido ya gani, ya yi karatun Alƙur'ani kamar kowane ɗan malam. Yana da wani yaya, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, yana koyarwa a Katsina. Wurin wannan yayan nasa ya koma da zama, a can ya shiga makarantar boko.

A shekarar 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda a wancan zamani babu makarantar boko da ta fi ta a duk faɗin Arewa. A cikinta ya yi zamani da Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ke nan tun yana saurayi ya haɗa ƙwarya uku: Larabcin gida, da Turancin kwaleji, da kuma Hausar birni irin ta fada da kasuwa. Duk wanda ya karanta littattafansa ya san wannan ta ukun ita ta fi yi masa rana.

Gasar 1933 da Ruwan Bagaja

A lokacin akwai wata hukuma a Zariya da ake kira Hukumar Fassara, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi, a ƙarƙashin wani Bature mai suna Dokta R. M. East. Matsalarsu ita ce an koya wa yara karatun boko, amma babu abin da za su karanta da Hausa don jin daɗi. Sai a 1933 aka sa gasa, aka nemi malaman makaranta su ƙago labari daga kansu. Littattafai biyar aka samu daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida da shi East suka haɗu suka rubuta. Wa da ƙane ke nan daga gida ɗaya suka kwashi biyu daga cikin biyar. Shekarun Imam 22 a lokacin.

To, a nan ne za mu fara ganin hannunsa. Ruwan Bagaja ya buɗe ne da wani mai yawon labari, Koje Sarkin Labari, da ya sauka Kwantagora ya iske wani attajiri, Alhaji Imam, shi kuma ya zauna yana ba da labarin yadda ya sami dukiyarsa. Watau tun shafin farko mai karatu ya riga ya ga mutumin nan a zaune lafiya lau cikin daula, ya san bai mutu a hanya ba. Wani zai ce ai an zubar da miyar tun ba a tuƙa tuwo ba. Alhali kuwa nan dabarar take. Da yake mun san ya tsira, duk sa'ad da ya faɗa cikin wata masifa sai hankalinmu ya koma kan yadda zai fita, da wace ƙarya, da wane wayo. Kamar dai a nuna maka fatake ya dawo da riba ne, ka matsu ka ji ta inda ya bi.

Sa'an nan ya ɗaura wa tafiyar dalili mai nauyi. Ɗan Sarki ba shi da lafiya, Limamin da ya riƙi Alhaji ya faɗi a fada cewa Ruwan Bagaja ne maganin, aka yi masa dariya aka wulakanta shi, don ana ganin babu wannan ruwa a duniya. Yaron ya fita nema don ya wanke wanda ya riƙe shi. Saboda haka kome nisan da labarin ya yi cikin ban dariya, akwai wani bashi da ke rataye, mai karatu bai manta ba.

Daɗin daɗawa kuma ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duk garin da Alhaji ya sauka sai sun haɗu, wannan ya cuci wancan, wancan ya tafi da ciwon abin a ransa. Imam ba ya barin su rabu an yi kunnen doki, kullum akwai mai bin wani ramuwa. Mu 'yan kasuwa mun san yadda bashin da ba a biya ba yake hana mutum barci. Haka mai karatu yake riƙe da lissafin, da zarar an shiga sabon gari sai ya fara dube-dube, ta ina Zurƙe zai ɓullo, kuma wa zai ji a jikinsa yau. Waɗanda suka yi karatun zaure sun san inda wannan ya samo tushe. A cikin Muƙamatul Hariri, littafin nan mai muƙama 50 da malamanmu ke karantarwa don sanin luggar Larabci, haka mai ba da labari yake ta gamuwa da Abu Zaid gari bayan gari, kowane karo da sabuwar shiga. Imam ya ɗauki wannan gini ya zuba masa mutanenmu da garuruwanmu da bakinmu.

Wata shida a Zariya

East ya ga abin da yaron nan zai iya, sai a 1936 ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. Imam ya zo Zariya ya yi kimanin wata shida, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya duƙufa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Ba abin ɓoyo ba ne cewa yawancin labaran nan ba a ƙasar Hausa aka haife su ba. Akwai na Alfu Laila, watau Dare Dubu da Ɗaya, akwai na tatsuniyoyin Jamus da wasu 'yan'uwa biyu masu suna Grimm suka tattara, shi kansa zancen aku mai tsare mutum da labari har gari ya waye tsohon abu ne a littattafan Indiya da Farisa. Wasu sukan ɗauki wannan a matsayin aibi. Mu dai a ganinmu, wanda ya sayo farin yadi ya kai marina ya rine shi, aka buga, aka ɗinka, aka yi masa aiki har ya zama riga ta shiga taro, ba a ce masa ɓarawon yadi. Yaro ya karanta labarin Kalala da Kalalatu ya rantse a bayan gidansu aka yi, bai san daga Jamus aka ɗauko ƙashin labarin ba. Wannan rinin shi ne aikin, kuma ba kowa ke iya shi ba.

Yadda aku ya tsare Musa

Bari mu tuna wa juna yadda littafi na ɗaya ya tashi. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji yana da mulki da dukiya, amma ba shi da ɗa namiji, sai bayan roƙon Allah ya sami Musa. Wazirinsa, wanda ya daɗe yana hangen gadon, ya ƙulla wa yaron sharri. Rigima ta taso da Sarkin Sinari a kan zancen aure, Waziri ya haɗa baki da abokan gaba a asirce. Sarki ya fita yaƙi tare da jikansa Mahmudu, abokin tashin Musa, ya bar Musa a gida, ya kuma gargaɗe shi kada ya yi kome sai da shawarar wani aku da aka saya a fada. Musa kuwa jini na tafasa, so yake ya sulale da dare ya bi Mahmudu, ga mutanen Waziri a waje suna dakon fitowarsa.

A nan Imam ya kafa turaku uku, su ne suka riƙe littafin gaba ɗaya.

Na farko, ya sanar da mai karatu abin da mutanen cikin labarin ba su sani ba. Mu mun ga cikin Waziri tun da wuri, Sarki bai gani ba, Musa bai gani ba. Don haka duk sa'ad da Musa ya ɗaura ɗamara ya nufi ƙofa sai gabanmu ya faɗi, kamar mutumin da ke kan soro yana hangen yaro zai taka maciji, murya ba ta kaiwa. Marubucin da bai ƙware ba zai ɓoye munafuncin Waziri sai ƙarshe don ya ba mu mamaki. Mamakin nan na minti ɗaya ne ya wuce. Imam ya zaɓi ya bayyana shi tun farko, ya sayi fargabar dare da yawa da shi.

Na biyu, ya nuna mana farashin kuskure. Kafin Musa ya zo wurin aku, sai da ya fara zuwa wurin macen, ita kuwa ta faɗa masa gaskiya tsirararta, ta hana shi fita kai tsaye. Nan take fushi ya ɗebe shi ya kashe ta. Daga wannan lokaci mai karatu ya san akun nan a bakin ransa yake magana. In ya hana, ya bi matarsa. In ya bari, an kashe ɗan Sarki, amana ta tozarta. Da ba a kashe macen nan ba, da labaran da suka biyo baya hira ce kawai.

Na uku, ya sa wa abin wa'adi, watau fitowar alfijir. Musa ba ya iya sulalewa sai da duhu, saboda haka aikin aku shi ne ya cinye daren. Kuma a lura, ba ya buɗe baki ya ce a'a. Sai ya nuna kamar yana tare da yaron, ya yaba masa, sa'an nan ya jefo wata magana, ko ya rataya zance a kan wani abu da ya faru nan take, har Musa da kansa ya nemi a ba shi labarin. Kafin a kai ƙarshe an yi kiran salla. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe mai saye da hira har yaron shago ya dawo da kayan daga wani layi ya san wannan sana'a. Ba ka ce babu, ba ka kuma bar shi ya tafi ba.

In aka gwada da Dare Dubu da Ɗaya za a ga bambanci mai kyau. A can Shaharzad takan yanke labari a tsakiya in gari ya waye, don Sarki ya bar ta da rai ya ji ƙarshensa gobe. A nan kuwa aku yana ƙare labarinsa, mai karatu ya sami biyan bukata, amma babbar tambayar tana nan ba ta motsa ba: gobe fa, zai iya kuwa? Ga shi kuma ran wanda ake ba labarin ake ceto, shi bai ma sani ba. Wannan shi ake kira jan rai, a ba ka kaɗan a riƙe saura, ba don mugunta ba sai don ka zauna. Da Sarki ya dawo da nasara asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku a matsayinsa, sai mai karatu ya ga ashe sunan littafin ma tun a bango ya faɗi ƙarshen zancen. Tsuntsun da ba shi da takobi ba shi da dukiya, da baki kaɗai ya kai ga sarauta.

Hannunka-mai-sanda

Dabara ta biyu da Imam ya ƙware a kanta ita ce ta yi wa mai karatu hannunka-mai-sanda, watau ya ajiye wata alama tun da wuri wadda sai can gaba za a ga amfaninta. Kunnen Musulmi ya saba da wannan. Ba muna haɗa zancen Allah da na ɗan Adam ba ne, amma kowane ɗan Islamiyya ya san ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta buɗe ne da mafarkin taurari 11 da rana da wata, aka bi ta rijiya da bauta da kurkuku, sai a ƙarshe fassarar mafarkin ta tabbata. Wanda ya tashi da jin wannan ya san abin da aka ambata a farko ba a banza aka ambace shi ba.

A Magana Jari Ce hanya mafi sauƙi da ya bi ita ce ta sunayen labarai. Da yawa karin magana ya sa musu, irin su Banza ta kori wofi, da Saurin fushi shi ke kawo da na sani, da Munafuncin dodo yakan ci mai shi. Kafin ka karanta layi ɗaya an riga an gaya maka inda za a sauka. Abin da ya rage shi ne ka ga wane ne banza wane ne wofi, ta wace hanya kuma munafuncin zai juyo kan mai shi. Kuma a duba, waɗannan sunaye suna harbin tsuntsu biyu ne. Mai saurin fushi ai Musa ne da ke zaune yana saurare, munafukin kuwa Waziri ne da ke jira a waje. Ƙananan labaran suna yi wa babban labarin ishara.

Haka nan a labarin Sarkin Busa. An fara nuna mana abin da busarsa ta yi wa ɓerayen da suka addabi gari, yadda suka bi shi ba su iya tsayawa. Da mutanen garin suka hana shi ladan da aka yi alkawari, mai karatu ya riga su sanin cewa sun taɓo abin da ya fi ƙarfinsu, don ya ga aikin busar da idonsa. Sa'ad da abin ya juyo kan 'ya'yansu ba wanda zai ce marubuci ya yi masa ba-zata. A labarin Kalala kuwa, mu kaɗai muka san matar ce ta cinye kajin, ta tsorata baƙo da wuƙar da maigida ke wasawa, ta kuma ce wa maigida baƙo ya gudu da nama. Sa'ad da Kalala ya bi baƙon a guje da wuƙa a hannu, kowannensu da abin da ya fahimta, dariyar duk tamu ce, saboda an ba mu sanin da aka hana su.

Ƙa'idar dai ɗaya ce, kuma ƙa'idar ciniki ce ta gaskiya: abin da ka nuna a bakin buhu shi za a tarar a ƙasansa. Imam ba ya fito da wani abu daga sama a shafin ƙarshe don ya kuɓutar da kansa. Abin da zai yi aiki da shi a gaba yakan ajiye shi a gabanka tun da rana, sai dai kai ne ba ka lura ba. Shi ya sa littafin ke da daɗin maimaitawa, karatu na biyu kana ta tsintar abin da ka tsallake.

A littafi na biyu ya sake salo, ya mai da abin gasa tsakanin Waziri Aku da wani akun mai suna Haziƙ, mai karatu yana jiran ya ga wa zai kā da wani. A na uku kuma aku ne ke koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Watau bayan ya gama nuna gwaninta, sai ya zauna yana koyar da ita.

Jarida da tafiya Ingila

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, aka ɗauko Imam ya zama editanta na Hausa. A watan Satumba na wannan shekara Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, jama'a suka matsu da son labari, jita-jita kuma ta yi yawa. Ya yi shekara goma sha wani abu a kan wannan kujera. Aikin kuwa tafiya ce a kan siraɗi, domin jaridar ta gwamnatin Turawa ce, ga sarakuna da En'e a gefe guda, ga kuma matasa 'yan boko da talakawa masu aiko da wasiƙun koke. A nan ya yi aiki da irin hikimar akunsa, yana faɗin abin da ke damun jama'a ta hanyar da za a saurara ba a rufe bakin jaridar ba. Yawancin Hausar jarida da muka tashi muka tarar a hannunsa ta ginu.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, yana cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can 'yan tawagar suka gabatar da takardar neman a sa ranar mulkin kai, Imam bai sa hannu ba, domin a ganinsa Arewa tana baya ƙwarai a ilmin zamani, akwai gyaran da ya kamata a fara yi. Wasu sun ga laifinsa, wasu sun ba shi gaskiya. Amma bai dawo hannu rabbana ba, ya gana da Lugga, tsohon Gwamna, ya bayyana masa illolin da ke cikin tsarin mulkin En'e da yadda ake ture matasa masu ilmi gefe, suka ci gaba da musayar wasiƙu. Labarin wannan tafiya shi ya rubuta a Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Siyasa da ƙarshen rayuwa

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, an kuma zaɓe shi ɗan majalisa a Kaduna da Ikko. Amma bai daɗe a siyasa ba ya bar ta. Daga baya ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Bai ajiye alƙalami ba, ya rubuta littattafan addini da tarihin Musulunci da Hausa, yana kuma cikin waɗanda suka yi tsaye wajen kafa makarantar Islamiyya ta zamani a Tudun Wadan Zariya, inda yaro zai haɗa addini da boko. Mu da muka bi ta irin waɗannan makarantu muna cikin masu cin gajiyar wannan tunani. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa, daga nan ake kiransa Dokta.

Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar Juma'a, 19 ga watan Yuni, 1981, yana da shekara 70. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, a 1989 kuma aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tsara.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, mu da muke zaune a Sabo da zango-zango na ƙasar Kurmi, daga Ikko da Badun da Shagamu har Anacha da Fatakwal, mun fi kowa sanin cewa magana jari ce. Da baki iyayenmu suka sami masauki a garin mutane, da shi ake sayar da goro da shanu, da shi sarakunanmu na Hausawa ke kashe wuta tsakaninmu da masu masaukinmu. To amma mu dubi gidajenmu. Yaran da aka haifa a nan da yawansu Hausar tasu ta tsaya a gaisuwa da ciniki, in ka jefa musu karin magana sai su tsaya suna kallonka. Ba laifinsu ba ne, ba su sami mai zama da su ba.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a nemi littattafan nan a ajiye a makarantunmu na Islamiyya, ba su da tsadar da za ta gagare mu. A gida kuma uba ko uwa su karanta wa yara labari ɗaya bayan sallar isha'i. A karanta sunan labarin, a tambaye su me suke jin zai faru. In an kai tsakiya a dakata, a ce sai gobe. Za ku ga yaron da ba ya rabuwa da waya shi ke tuna muku alkawari.

Sa'an nan ga babban darasin. Kowane gida a cikinmu akwai Musa, saurayi mai zafin jini wanda in an sami 'yar hatsaniya a kasuwa ko a tasha so yake ya fita cikin dare, bai san wa ke jiransa a waje ba, bai kuma san wa zai ci ribar fitarsa ba. Macen aku gaskiya ta faɗa, amma ba ta tsare yaron ba, ta kuma rasa ranta. Mijin bai ci amana ba, bai kuma saki yaron ba, sai da ya riƙe shi har gari ya waye, dare bayan dare, har uban ya dawo. Dattawanmu da shugabannin matasa su dubi wannan da kyau. Tsawa da zagi ba su cika tsare saurayi ba, amma wanda ya iya zama da shi, ya san abin da zai faɗa yanzu da abin da zai bari sai an jima, yakan kai shi safiya lafiya.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.